KoboToolbox a hannun ƙungiyar unguwa: abin da na gani bayan damina guda

Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar sa kai ta unguwa ya san yadda koke yake mutuwa a bakin ofis. Za ku taru ku je da maganarku, a saurare ku cikin ladabi, sannan a tambaye ku gida nawa abin ya shafa, tun yaushe ya fara, kuma a wane wuri daidai. Sai ku kama kallon juna, domin kowa ya san abin yana faruwa amma babu wanda ya rubuta. Haka ta kasance da mu a kan gurɓataccen ruwan da wata masana'anta take sakowa cikin magudanar da ta ratsa bayan gidajenmu, ruwan da yake canza launi da dare, yake kuma tumbatsa ya shiga tsakar gidaje duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Jami'in da ya karɓe mu bai wulaƙanta mu ba. Cewa ya yi, "Malamai, na yarda da ku, amma ku kawo mini abin da zan ɗora a kan teburin shugabana." Wannan magana ce ta kai mu ga KoboToolbox, kuma bayan mun yi aiki da ita tsawon damina guda, ina ganin ya dace in faɗa wa masu irin aikinmu inda ta yi mana rana da inda take buƙatar taka-tsantsan.

KoboToolbox manhaja ce ta tattara bayanai, wato ta shirya tambayoyi, a bi mutane da su a waya, amsoshin kuma su taru a wuri ɗaya. Masu bincike biyu, Phuong Pham da Patrick Vinck, su ne suka kafa tushenta a shekarar 2005, lokacin da suke jin ra'ayin mutanen da yaƙi ya ɗaiɗaita a wurare irin su arewacin Uganda, inda takarda take jiƙewa ko ta ɓace, intanet kuma babu. Daga baya aikin ya zauna a ƙarƙashin cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, a 2014 kuma aka fito da ita ga ma'aikatan agaji tare da haɗin gwiwar ofishin kula da ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya. A yau wata ƙungiya da ba ta neman riba ce take kula da ita. Na kawo wannan tarihi ne saboda yana bayyana halin manhajar: an gina ta domin wurin da babu wuta, babu sadarwa mai ƙarfi, kuma mai riƙe da wayar ba lallai ya zama masanin kwamfuta ba.

Shirya tambayoyin ya zo mana da sauƙi fiye da yadda muka zata. Mutum zai buɗe asusu a shafinsu, ya rubuta tambaya, ya zaɓi irin amsar da yake so: rubutu, lamba, kwanan wata, zaɓi ɗaya ko zaɓi da yawa, hoto, murya, ko kuma wurin da mai tambayar yake tsaye ta hanyar GPS. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ɗaure tambaya da wata tambayar. Idan magidanci ya ce ruwan bai taɓa shiga gidansa ba, tambayoyin da suka shafi barnar ruwa ba za su fito ba ma, sai a wuce gaba. Idan ya ce ya shiga, nan take wayar za ta nemi ranar, da tsawon lokacin da ya yi a kwance, da hoton alamar da ya bari a jikin bango. Ana iya hana amsar da ba ta da ma'ana, misali a ƙi karɓar shekarun da suka wuce hankali ko ranar da ba ta zo ba tukuna. Ana kuma iya rubuta fom ɗaya da harsuna da dama, mai tambaya ya sauya harshe a tsakiyar hira ba tare da amsoshin sun rikice ba. Mu da Hausa muka rubuta namu, kuma haruffanmu masu lanƙwasa sun fito yadda ya kamata. Wanda ya saba da Excel yana iya tsara fom ɗin gaba ɗaya a can bisa tsarin da ake kira XLSForm, sannan ya ɗora shi, wanda hakan ya fi sauri idan tambayoyin suna da yawa.

Ƙarfinta na gaske a fili yake bayyana. Ana sauke manhajarta ta waya, wato KoboCollect, a wayar Android, a jawo fom ɗin sau ɗaya, daga nan kuma ba a buƙatar intanet har sai an dawo. 'Yan ƙungiyarmu sukan fita da safe bayan an kwana ana ruwa, su bi magudanar gida gida, amsoshin suna ajiye a cikin wayar, da yamma idan an samu sadarwa a tura su gaba ɗaya. A da, idan muka rarraba takardu, sai mun kwana biyu muna fama da rubutun da ba ya karantuwa da shafukan da laka ta ɓata. Yanzu da zarar an tura, sai in buɗe kwamfuta in ga kowane gida ya zama ɗigo a kan taswira. A ranar da na fara ganin ɗigogin sun jeru kamar carbi a gefen magudanar, suna yin kauri daidai inda bututun masana'antar yake fitowa suna raguwa yayin da ake nisa da shi, na daɗe ina kallon allon. Abin da muka shekara muna faɗa da baki ya fito a siffar da baƙo ma zai gane cikin minti ɗaya. Ana iya fitar da bayanan zuwa Excel, ko a tsarin da manhajojin taswira suke karantawa, hotunan kuma a sauke su a dunƙule.

Sai dai darasi mafi girma da muka koya wata dattijuwa ce ta koya mana shi. A fom ɗinmu na farko mun sa cikakken suna da lambar waya a matsayin tambayoyin da dole a amsa, domin muna ganin hakan zai ƙara wa aikin nauyi. Wata matashiya daga cikinmu ta shiga wani gidan haya, ta gaida tsohuwar da ta tarar tana kwashe ruwa da roba daga bakin ɗakinta, ta ce, "Inna, za ki ba ni sunanki in rubuta?" Tsohuwar ta ajiye robar, ta dubi wayar, ta ce, "'Yata, ki ɗauki hoton bangon, ki ɗauki hoton ƙafafun jikana, amma in sunana ya fita, mai gidan nan zai tashe mu, ɗana kuma a can yake aiki." Yarinyar ta dawo ba ta cike fom ɗin ba, domin mu da kanmu muka hana shi wucewa ba tare da suna ba. Laifin namu ne. A daren muka cire tilascin, muka sa bayanin neman izini a farkon fom, muka kuma yanke cewa ba za a ɗauki fuskar kowa ba.

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin manhajar da take tattara suna da wuri da hoto a jaka ɗaya tana iya zama makami a hannun wanda ake ƙorafi a kansa. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga mutum 196 da aka kashe a duniya a shekarar 2023 saboda kare ƙasa da muhalli, kuma ƙasa da kisa akwai kora daga aiki, da tashi daga gida, da barazanar da ba ta shiga kowane lissafi. KoboToolbox ta tanadi kariya mai kyau: mai asusu yana iya ƙayyade wanda zai tura bayani kawai da wanda zai iya gani ko gyarawa, akwai rumbun ajiya na daban a Turai ga masu son bayanansu su zauna ƙarƙashin dokokin can, ana kuma iya kulle amsoshi da mabuɗin sirri tun daga wayar. Amma kullewar tana da tsada irin tata. Bayanan da aka kulle ba sa buɗuwa a shafin, don haka ba za ka ga taswirar nan take ba, sai ka sauke su ka buɗe da wata manhajar dabam, idan kuma mabuɗin ya ɓace, bayanan sun tafi ke nan. Ko ba suna, ɗigon GPS a kan rufin gida ya isa ya tona mai magana. Mu dai abin da muka yi shi ne, taswirar da muka fitar waje ta nuna layuka ne, gidajen kuma suka zauna a wurin mutum biyu kacal.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta yi, kuma ba ta ce za ta yi ba. Ba ta auna ruwa. Za ta rubuta cewa ruwan ya yi baƙi, yana wari, yara suna ƙaiƙayi, amma ba za ta faɗi abin da ke cikinsa ba. Mutanen garin Flint na jihar Michigan a Amurka, waɗanda aka sauya musu tushen ruwan sha a 2014, sun daɗe suna nuna kwalaben ruwa mai launi a taruka ana kore maganarsu. Abin da ya juya lamarin a 2015 shi ne samfuran da mazauna irin su LeeAnne Walters suka ɗebo daga gidaje, masana a Jami'ar Virginia Tech ƙarƙashin Marc Edwards suka auna suka tabbatar da gubar dalma. Don haka duk ƙungiyar da take fama da gurɓatar ruwa ko iska ta nemi ɗakin gwaji tun da wuri, ta yi amfani da manhajar wajen rubuta inda aka ɗebi kowane samfur da lokacin da aka ɗebe shi. Haka nan, ba zan ba da shawarar a dogara da ita kaɗai ba idan abin da ake tattarawa shaidar cin zarafi ne mai tsanani da ake sa ran kaiwa kotu. Don irin wannan aiki akwai manhajar eyeWitness to Atrocities, wadda ƙungiyar lauyoyi ta duniya ta fitar a 2015, an kuma gina ta musamman domin tabbatar da cewa ba a taɓa hoto ko bidiyo ba tun daga lokacin da aka ɗauke shi.

Sauran iyakokin ƙanana ne. KoboCollect ta Android ce kawai, mai iPhone sai ya cike fom ɗin ta burauza. Daidaiton GPS ya danganta da wayar da kuma sararin sama, don haka a lungu mai rufin kwano sai an ɗan jira kafin ɗigon ya tsaya. Tsarin kyauta da aka ware wa ƙungiyoyin da ba na kasuwanci ba, a lokacin da muka yi aiki da shi, yana karɓar amsoshi 5,000 a wata da ajiyar gigabait 1. Amsoshin sun fi ƙarfin buƙatarmu nesa, amma hotuna suna cinye wurin ajiya da sauri idan ba a rage girmansu ba. Kuma wanda ya gyara fom bayan an fara aiki ya tabbata kowa ya sauke sabon, ya kuma guji sauya sunan tambaya, in ba haka ba amsoshin tambaya ɗaya za su rabu gida biyu. Mun yi wannan kuskuren sau ɗaya, ya ci mana yammaci guda wajen haɗa su.

A ranar 28 ga Yuli 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da cewa zama a muhalli mai tsabta da lafiya haƙƙin ɗan Adam ne, ƙasashe 161 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace. Mun sa wannan a shafin farko na rahotonmu, amma na lura jami'in bai daɗe a kansa ba. Shafin taswirar ya tsaya a kai, ya bi layukan da yatsa har zuwa bakin bututun, ya tambayi ranakun da aka ɗauki hotunan, muka nuna masa. Bayan haka an turo masu dubawa, sun zaga tare da mu, sun ɗebi ruwa. Har yanzu magudanar ba ta gyaru ba, kuma ba zan ce manhaja ce ta fito da su ba, domin kafin wannan rana mun yi zama da masu unguwa, da iyaye mata, da ma'aikatan masana'antar da suke tsoron rasa abincinsu, kuma wannan zaman babu wayar da za ta yi wa mutum shi.

Ga ƙungiyar unguwa da take son rubuta ambaliya, ko tarin shara, ko sare itatuwa, ko rijiyoyin da suka lalace, ko makarantun da ba su da ban ɗaki, ina ba da shawarar KoboToolbox da zuciya ɗaya, da sharaɗin a samu mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙe asusun, a gwada fom ɗin a gidaje kaɗan kafin a fita da shi, a kuma zauna a tantance wane bayani ne bai kamata a tambaya ba. Mu mun riga mun gyara namu domin damina mai zuwa, mun ƙara tambaya a kan lambar kwalbar samfur, mun kuma cire gurbin lambar waya gaba ɗaya.