Tuƙa-tuƙa biyu ko sola ɗaya?

Malam, ka ce ƙungiyarku ta 'yan gari mazauna Kano da Legas ta haɗa kuɗi domin ƙauyenku da ke ƙasar Katsina, mai mutum wajen 800, kuma kuɗin zai isa ko dai burtsatse ɗaya mai sola da tanki, ko biyu masu famfon tuƙa-tuƙa. Matasa na son sola, dattawa sun yi shiru, kai kuma kana neman wanda ya fi.

Mu fara da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana, abin da bai cika jarkar 'yan ga-ruwa ba. Ku ke nan lita 16,000, ban da dabbobi. Tuƙa-tuƙa mai lafiya yana ba da kamar lita 15 a minti. In aka cire sauyin hannu da ɗaurayar bokiti da gardamar layi, biyu za su ɗauke ku, amma da ƙyar. Ita sola awa shida ko makamancin haka take samu na rana mai ƙarfi, a cikinsu kuma za ta cika tanki. Sai fa ramin ya iya ba da kusan lita 2,700 a kowace awa.

To a nan gizo ke saƙar. Yawancin ƙasar Katsina, kamar Kano da Kaduna da Zamfara, a kan dutse take zaune, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, yana tsattsafowa a hankali. Ramin da zai ciyar da tuƙa-tuƙa shekara da shekaru ba gardama, kana zura masa sumo, wato injin jan ruwa da sola ke kunnawa a cikin rami, sai ya zuƙe shi tas, injin ya koma jan iska har ya ƙone. Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin halin ƙasar dutse. Da ƙauyen naku a Sakkwato yake, ko gabashin Jigawa da Yobe da Borno inda yashi ke da zurfi, da magana ta sauya: can ruwa ya fi yawa, sai dai a wasu wuraren ya yi nisa, shi kuwa tuƙa-tuƙa irin wanda aka saba, in ruwa ya wuce mita 45 zuwa 50 ya gaza.

Ban raina sola ba. Ba ta cin dizal, ba ta yawan lalacewa, ana iya jan bututu a kafa famfo huɗu ko shida, ɗaya a makaranta ɗaya a masallaci. Wanda bai taɓa ganin mai ciki ko tsohuwa tana rataye da hannun tuƙa-tuƙa da azahar ba, shi zai ce wannan ƙaramin abu ne. Matsalarta ita ce ranar da ta tsaya, garin duka ya tsaya, gyaranta kuma na birni ne, kuɗinsa ba na karo-karon ranar Juma'a ba ne. Ga ƙurar hunturu da ke rufe farantan, ga ɓarayinsu. Dole a yi shinge, a biya mai gadi.

Shi tuƙa-tuƙa lalacewarsa kullum ce, amma ƙanana: roba ta cinye, ƙusa ta kwance, sarƙa ta tsinke. An ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na irinsa a Afirka kudu da Sahara ba ya aiki, kuma sau da yawa abin da ya tsayar da shi bai kai kuɗin akuya ba, rashin mai ɗaukar nauyi ne. Su ma iri-iri ne. India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da hannun UNICEF, yana da ƙarfi, amma bututunsa na ƙarfe ne mai nauyi, fito da shi sai ƙwararru, in ruwan na da tsami kuma yakan yi tsatsa, ruwa ya koma ja, mata su guje shi su koma tafki. Afridev bututun roba gare shi, an tsara shi yadda mutum biyu na gari za su zaro sandunan su sauya roba kafin la'asar. Shi zan zaɓa. A Nijar za ka tarar da Vergnet, wanda ake takawa da ƙafa.

Maganar tsafta kuwa, babu wanda ya fi wani, domin famfo ba ya tace ruwa. A nisanta ramin da masai aƙalla mita 30, a zuba siminti a bakinsa da magudana. Kwalarar 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin inda ta fi tsanani. Sannan a kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse garai-garai ne ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara saboda sinadarin fuloraid ya yi masa yawa, kuma ido ba ya ganinsa.

Ni dai da kuɗina ne, biyu zan haƙa, ɗaya a kowane gefen gari, in sa musu Afridev, in ce a zura bututun rami mai faɗin da sumo zai shiga nan gaba. In gwaji ya nuna ɗaya daga ciki na da ruwa sosai, baɗi sai a ɗora masa sola, ɗayan ya zauna ko-ta-kwana. Ku ware wani abu daga kuɗin ku buɗe asusun gyara tun yanzu, a sa mata a cikin masu riƙe shi, tunda su ke fara sanin famfo ya fara ƙara. Kada kuma ku cika wa ɗan kwangila kuɗinsa sai ya ja ruwan awoyi a gabanku ya rubuta lita nawa ramin ke bayarwa a awa. A yi wannan gwaji a Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi ja da baya, ba da kaka ba.