Littattafan komik da manga a Jidda: wane bugu za ka saya, kuma yaya ake gane jabu?

Yaron da ya tashi a Jidda ko Makka yana kallon shirin zanen Japan na Grendizer da muryar Larabci, ko zane-zanen tashar Spacetoon, da zarar ya fara riƙe riyal nasa na kansa, sha'awa kan ja shi zuwa littattafan zane. Yana shiga kanti sai ya tarar labari ɗaya an buga shi a siga uku ko huɗu, kowanne da farashinsa.

Siririyar mujallar wata-wata irin ta kamfanonin komik na Amurka, Marvel da DC, ka bar wa mazauna Amurka. Shafi ashirin da 'yan kai na labari a kan dala 4 zuwa 5, ga kuɗin jirgi, kuma fitowa ɗaya ta wuce ka labari ya yanke. Ƙaton kundin da ake kira omnibus kuwa, mai shafi 800 ko 1000, yana ƙawata kanta, amma nauyinsa ba ya bari a karanta shi a kishingiɗe, kuma tsakiyarsa na haɗiye zanen da ya ratsa shafi biyu. Karatu a manhajar waya ya dace da ɗanɗano kawai, ranar da kuɗin wata ya ƙare ba ka da ko shafi ɗaya.

Abin saye shi ne juzu'i mai laushin bango. A komik ɗin Amurka yana tattara fitowa 5 ko 6, wato zango guda na labari daga farko har ƙarshe. A manga, wato komik ɗin Japan, yana da shafi kusan 200, baƙi da fari, ana buɗe shi daga dama zuwa hagu, abin da kan rikita Bature amma ba ya damun wanda ya yi karatun allo ko makarantar Larabci. Yana shiga jaka, ana iya ba ƙane aro ba tare da fargaba ba, idan ya lalace guda ɗaya za ka sake saye. Babban alherinsa shi ne yana ba ka damar gwaji: ka sayi na 1 da na 2, in labarin bai kama ka ba ka tsaya da asara kaɗan. Masu son almarar kimiyya, labaran jiragen sararin samaniya da mutum-mutumin ƙarfe, nan ne za su fi samun zaɓi. Ga ƙanana kuma akwai mujallun Manga Arabia da aka fara fitarwa a Saudiyya tun 2021, da Larabci mai sauƙi, ɗaya ta yara ɗaya ta matasa. Iyaye su juya bayan littafi kafin biya. Kamfanin Viz, mai buga manga da Turanci, yana sa harafin A ga na kowa, T ga 'yan shekara 13 zuwa sama, T+ ga manyan matasa, M ga manya kaɗai. Zanen bango mai fara'a ba ya nuna abin da ke ciki.

Kafin ka ɗauki na farko, tambayi kanka abu biyu. Juzu'i nawa ne labarin gaba ɗaya, kuma ana samun na tsakiya? Kantunan littattafai irin su Jarir sukan cika kanta da na farko-farko, amma na 9 ko na 14 sai an yi oda. Baje kolin littattafai na Riyad da na Jidda wuri ne mai kyau na cike giɓi. Na biyu shi ne ɗauri. Juzu'i mai laushin bango da gam ake manna shi, ba ɗinki ba, kuma gam ba ya shiri da zafin ƙasar nan. Ka bar shi a mota da azahar a watan Yuli, gam ya yi laushi, ya sake daskarewa, kana buɗewa shafuka su fara zubewa daga tsakiya. Laimar Jidda kuma tana lanƙwasa takarda. A jera su a tsaye, nesa da taga, kuma ba a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa ba.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Jabun manga ya cika shafukan saye da sayarwa na intanet, musamman cikakken saiti a kwali. Fara da lissafi. Juzu'in Turanci na asali yana kama dala 10 zuwa 12, dala kuma riyal 3.75 ce, wato riyal 37 zuwa 45 kafin a ɗora kuɗin kawowa da harajin kashi 15. Saiti mai juzu'i 20 ya doshi riyal 800. Kwalin kamfani na gaskiya yana da rangwame, amma wanda ya ce maka sabo ne dal a riyal 200, araha ce da ba ta ado.

In littafin ya zo hannu, buɗe inda inuwa take. Masu zanen manga suna yin launin toka da ƙananan ɗige-ɗige jere. A bugun asali ɗigon yana fita tsaf. A jabu, da yake hoton littafin aka ɗauka aka sake bugawa, sai ka ga ya zama kamar saƙar tabarma, ko ya dame ya koma hazo. Baƙin da ya kamata ya yi wuluk sai ya fito fari-fari. Duba gefen shafi, sau da yawa wuƙar yanka ta cinye rabin maganar da ke bakin layi. Takardar asali tana da ɗan kaushi da launin madara, ta jabu kan yi fari fat da santsi. Jera littattafan ka kalli ƙashin bayansu: lambobi da tambarin kamfani ya kamata su tsaya a layi ɗaya. Juzu'in Viz na yau da kullum yana da faɗin kusan santimita 12.7 da tsawon 19, sa ma'auni ka gani. Kada lambar shaidar littafi ta ISBN mai lamba 13 ta ruɗe ka, ita ma kwafe ta suke yi tare da bangon. Mai sayarwar da ya sa hoton talla na kamfani kawai, ka nemi ya ɗauki hoton shafin ciki da na bayan littafi a hannunsa. In ya fara kwana-kwana, ka wuce.

Haka cutar take a faifan shirye-shiryen talabijin. Saiti mai kashi 50 da aka cusa cikin faifai uku, da fassarar ƙasan allo mai karyayyen Turanci, jabu ne ko da kwalinsa na sheƙi. Na asalin ma sai ka duba shiyya. Saudiyya tana shiyya ta 2 a DVD, shiyyar B a Blu-ray, yayin da Amurka take ta 1 da A. Faifan Amurka da aka kulle ba zai tashi a na'urar da ka saya a nan ba, don haka bugun Ingila za ka nema, shi ne shiyyarsa ta zo ɗaya da tamu.