Yaya, dakata da sayen kilim ɗin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya iyali, ya zafin Garwa? Na san tunda Afrilu ta kama, kowa a tsakar gida yake kwana.

Ka ce in duba maka kuɗin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, saboda sabon ginin. Bari dai ka ji yadda gidajen Faris suke tukuna.

Mutanen nan da sanyi suke yaƙi, kuma a jikin ginin suke fara yaƙin. Yawancin tagogi gilashi biyu gare su, iska na kulle a tsakani. Ƙarƙashin rufi kuma suna shimfiɗa wata aba mai kama da auduga, da gilashi ake yin ta, kaurinta ya fi taƙi guda. Ran da na taɓa ta ba safar hannu, wuni na yi ina susa, sai ka ce na shiga ƙaiƙayin gero. Ɗumin kuwa daga tukunyar gas yake, tana dafa ruwa ya bi bututu zuwa wani ƙarfe a jikin bango. Dole a duba tukunyar duk shekara, don gudun iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi lokacin hunturu. Har harafi suke ba gida, daga A zuwa G, gwargwadon wutar da yake ci, kuma tun Janairun 2025 an hana sa mai G a sabuwar haya.

Amma zafi? Wallahi sun sha ƙasa. Ɗakina ne na ƙarshe a sama, kuma tsofaffin benayen Faris rufin kwano gare su. A Yuli ko katifa ba ta kwantuwa. Zafin 2003 kaɗai ya ci kusan mutum 15,000 a Faransa, don yawancin gidaje ba kilim. Dabararsu ita ce ta Inna a tsohon soron ƙasa: a rufe ko'ina da hantsi, a buɗe bayan isha'i.

Don haka Yaya, kuɗin nan a fara sa sili da su, a bar tazara tsakaninsa da kwano da ƙofofin shan iska, a shafa wa kwanon farin fenti, a dasa darbejiya ta yamma. Kilim ƙarƙashin tsurar kwano ɗiban ruwa ne da kwando, balle in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ka tambayi magini kuɗin silin, zan aiko da rabi ƙarshen wata.

A gaida Inna da yara.