Lesin ɗin JAMB da ya zaunar da ni a benci kamar ɗalibi

Ranar da sakamakon JAMB na 2024 ya fito, wato jarrabawar neman shiga jami'a, ɗana Abba bai ci tuwon dare ba. Abba muke ce masa don sunan mahaifina ya ci. Maki 158 ya samu cikin 400, shi da ya fita sakandare da kiredit ɗinsa cif, har da Turanci da Lissafi. Ni kuwa abin da na iya shi na yi, wato faɗa. Na ce masa da na san haka za a yi, da kuɗin rajistar nan falanki na saya. Tun daga ranar yaron ya shige ɗaki da waya, ba ya fitowa sai salla, in an ɗauko zancen karatu ya ce shi keke zai nema ya riƙa ja.

Ni kafinta ne a Katako, cikin garin Jos, gadaje da kujerun amare nake yi. Mutane da dama a masallacinmu sun tambaye ni inda na kai yaron daga baya, da ko wurin ya cancanci kuɗinsa. Na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai abubuwan da zan kushe, kuma mutanen ba su cuce ni ba.

Mahaifiyarsa ce ta jiyo labarin a bakin wata maƙwabciya. Wurin yana wani lungu tsakanin titin Bauchi da Anguwar Rogo, ba nisa da jami'a. In gini kake nema, juya tun daga bakin lungun. Tsohon gida ne aka fasa bangon ɗakuna aka mayar azuzuwa uku, da wani ɗan ɗaki da aka jera kwamfutoci. Bencinan, in faɗi gaskiya a matsayina na mai sana'ar, wanda ya haɗa su bai ji tsoron Allah ba: ɗanyen katako, ƙusa a waje, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ranar farko da na shiga har na fara lissafin komawa da yarona gida.

Abin da ya tsayar da ni shugaban wurin ne. Dattijo ne, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Na zaro kuɗi zan biya, ya ce in dakata. Ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ya rubuta sunan Abba, ya rubuta nawa da lambar wayata, sannan ya ce: “Alhaji, a nan ba ma karɓar yaro shi kaɗai. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata uba ko uwa zai zo ya zauna da mu. Wanda ya fasa sau biyu, mu ba shi ɗansa da ragowar kuɗinsa.” Na ce masa, Malam, Asabar fa ita ce ranar cinikina. Ya ce ya sani, duk iyayen da ke cikin littafin nan haka suka ce.

Raina ya ɓaci. A ganina na biya kuɗi ne don a sauke mini nauyi, sai ga shi ana ƙara ɗora mini wani.

Asabar ɗin farko na je a makare, da ƙurar katako a hulata. Aka zaunar da mu a kan waɗannan bencinan, kowane uba kusa da ɗansa, iyaye mata a ɗaya ajin tare da wata malama. Ana kiran mutum ɗaya ɗaya zuwa teburin Malam. Da aka zo kanmu ya buɗe takardar gwajin da suke yi duk mako, ya juyo da ita wajena. Bai fara da inda Abba ya faɗi ba. Ya ɗora yatsa a kan Lissafi ya ce, duba nan, makon farko tambaya 11 ya ci cikin 40, wannan makon 19. Sai ya ɗago ya tambaye ni ko na san da haka. Na ce a'a. Ya ce, to yaushe rabon da ka tambaye shi abin da ya karanta, ba abin da ya ci ba?

Na rasa ta cewa. Abba ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa. A nan Malam ya ba ni aiki, kuma ba mai nauyi ba: kullum bayan isha'i in ce wa yaron ya bayyana mini abu ɗaya da ya koya, ko da ban gane ba. Ya ce wanda ya iya fahimtar da babansa abu da Hausa, to ya iya abin. Ya ƙara da sharaɗi guda, cewa a cikin wannan ɗan lokacin ban da faɗa, ban da ambaton ɗan wane da ya samu jami'a.

Makon farko abin kamar wasan kwaikwayo, yana magana yana kallon ƙofa. Sai wani dare ya ɗauko zancen kusurwa, yadda ake gano tsawon gefe na uku in an san biyu. Na ce tsaya, ai wannan mu da shi muke cin abinci. Na ɗauko tef na nuna masa yadda muke tabbatar da kusurwar gado ta miƙe: ka auna uku a nan, huɗu a can, in tsakaninsu ya ba ka biyar to ba karkata. Yaron ya zaro ido ya ce, “Baba, ai shi ne Pythagoras!” Na ce ni dai maigidana bai gaya mini sunansa ba. Muka yi dariya har mahaifiyarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin sakamakon nan ya fito.

Shi kansa karatun, sun san jarrabawar da suke shirya yara a kanta. JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, tambaya 60 a Turanci da 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, duka 180 cikin awa biyu. Tun 2015 aka koma yin ta a kwamfuta gaba ɗaya, kuma a nan ne yaranmu da yawa suke zubewa. Yaro ya ƙware a latsa waya, amma bai taɓa zama gaban allon kwamfuta agogo yana ƙirga masa lokaci ba. Abba ya gaya mini a karon farko ya bar tambayoyi sun fi talatin bai ko duba ba. A wurin nan kuwa duk Juma'a da safe sai sun yi gwaji da agogo, an koya musu amfani da haruffan A, B, C, D wajen zaɓar amsa, N don gaba, P don baya, ba sai sun tsaya kokawa da linzamin kwamfuta ba. Lokacin rajista ma su suka zauna da kowane yaro aka duba sunansa a NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya yi daidai da na takardunsa kafin a tura saƙon neman lambar da ake rajista da ita, domin harafi ɗaya in ya saɓa sai ya jawo wa mutum zirga-zirgar da ba ta ƙarewa.

Amma ba a nan na ga bambancinsu da sauran ba, don wuraren lesin da ke da kwamfuta sun cika Jos. Bambancin yana wajen yadda Malam yake riƙe da malamansa. Yawancinsu matasa ne da suka gama jami'ar Jos, da masu bautar ƙasa biyu. A watan Disamba da Janairu, lokacin da sanyin garin nan yake hana mutum taɓa ruwa, na sha wucewa da sassafe a hanyata ta zuwa shago in tarar da dattijon nan ya riga kowa, yana share ƙofa da kansa, butar shayi a kan wuta. Wane malami ne zai zo a makare ya tarar da mai furfura da tsintsiya, gobe ya sake? Ɗaya daga cikinsu, mai koyar da Fiziks, ya taɓa zuwa shagona gyaran kujera, muka taɓa hira. Ya ce albashin ba wani mai yawa ba ne, bai kai naira 70,000 ɗin da gwamnati ta sa hannu a kai a Yulin 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, amma ba a taɓa shiga sabon wata da bashinsa ba. Ya ce a makarantar da ya baro, mai makarantar a gaban ɗalibai yake yi wa malami tsawa. A nan kuwa in ka yi kuskure, sai an tashi Malam zai ce ka raka shi bakin titi, a hanya zai gaya maka.

Wannan maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma ina da yara biyar a shago. Akwai wani a cikinsu da na riga na yanke wa hukuncin rago. Da na zauna na duba, shekararsa biyu a wurina ban taɓa barin sa ya haɗa ko teburi shi kaɗai ba, daga goge katako sai aike, kuma in ya yi kuskure a gaban mai kaya nake wanke shi tas. Mahaifinsa ma tun ranar da ya kawo shi ban sake neman sa ba. Na kira uban ya zo muka zauna, na miƙa wa yaron aikin wata ƙaramar durowa daga awo har fenti. Ta ɗan karkace. Na sayar da ita a haka da ragi, na ba shi ta biyu.

To, kada in cika ku da yabo, wurin yana da nasa.

Akwai malamin Turanci da suka ɗauka a tsakiyar zango, mai ilimi ne amma bakinsa ba linzami. Yaro ya karanta kalma ba daidai ba, sai ya maimaita ta da muryar yaron, aji ya fashe da dariya. Ya taɓa ce wa wata yarinya ta koma gida ta jira miji. Cikin mako uku Abba, da ya fara sakin jiki, ya koma cewa shi Turanci ba nasa ba ne. Na kai ƙara a zaman wata, ashe ba ni kaɗai ba ne. An sallame shi, amma sai da aka kai wata biyu, don Malam yana ta ba shi dama. A ganina haƙurin ya yi yawa. Dattakun da yake yi wa malamai a nan ya zama cuta ga yara, kuma yarinyar nan ba ta dawo ba.

Kwamfutocin ba su kai yawan ɗaliban ba, sai an yi layi kashi uku, na ƙarshe yakan yi gwajinsa a gaggauce. In an ɗauke wuta, janareton ƙarami ne, kuma a ƙarshen 2024 da litar fetur ta haura naira 1,000 an sha soke gwajin Juma'a ko a mayar da shi kan takarda, wanda ya kashe amfanin abin. Banɗaki ɗaya ne tak, maza da mata, abin da bai dace ba ko kaɗan. Ajin yamma kuma yakan kai dab da magariba, ga wahalar samun keke a titin Bauchi a wannan lokacin. Mai 'ya mace da ke zaune can Rikkos ko Dogon Dutse sai ya yi tunani. Sannan akwai 'yan kuɗaɗen da ba a faɗa maka tun farko, na takardun tambayoyin baya da na gwajin ƙarshe. Ba su da yawa, amma na fi son a gaya mini komai rana ɗaya in san abin da zan tanada. Kuɗin wata kuwa tsaka-tsaki ne, akwai masu arha a unguwar, akwai masu tsada can wajen Rayfield, kuma suna yarda a biya kashi biyu.

A jarrabawar 2025 Abba ya samu 231. A shekarar nan, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ba zan ce duk ɗaliban wurin haka suka yi ba. Ɗan wani abokina da suka shiga tare ko 170 bai kai ba. Uban ya zo zaman farko, na biyu ya turo ƙaninsa, daga nan ya riƙa turo uzuri ta waya, Malam kuma bai kore su ba kamar yadda ya ce zai yi. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya kori yaron, wa ya rage masa?

Saboda haka in ka tambaye ni ko ka kai ɗanka, sai in tambaye ka ko za ka iya rufe shago ko ka bar ofis na awa biyu a wata, kuma ka iya zama minti goma da dare kana sauraro bakinka a rufe. In ba za ka iya ba, akwai wurare masu fenti da fanka da za su karɓi kuɗinka ba tare da sun dame ka ba.

Ni dai na sake komawa da ƙanwar Abba, bisa sharaɗin ajin safe za ta riƙa shiga. Wannan karon lambar mahaifiyarta Malam ya rubuta a littafin, ya ce tawa yana da ita. Na kuma ce masa ya bar mini bencinan nan in kwashe su biyu biyu in gyara, kuɗin ƙusa kawai zai biya. Shida sun dawo, saura tara, kuma yaron nan mai durowa ne yake yin su.