Fassarar shirin yaƙin Japan da ke hannun masu turi: ya fara da kyau, ya ƙare da ɓata min rai

Shirin nan na yaƙin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi wa fassarar Hausa, wanda masu turi ke ta tallarsa tun bayan ƙaramar salla, na sa an zuba min shi a memori na kuma kalle shi. Kuɗinsa kowa ya sani, ba wani abu ba ne, don haka ba kuɗin ne ya zaunar da ni rubutu ba.

Kashin farko-farko ya burge ni ƙwarai. A makaranta abin da muka tashi da shi kawai shi ne Japan ta wayi gari ta kai wa Amurka hari, ba wanda ya ce mana don me. Nan kuwa an ɗauko maganar daga tushe. Japan ƙasa ce mai masana'antu da jiragen yaƙi amma ba ta da mai, kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take sha daga Amurka yake zuwa. Ta haɗiye Manchuriya tun 1931, ta afka wa sauran ƙasar Sin a 1937, yaƙin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da ta tura soja kudancin Indochina, wadda ke hannun Faransa, a watan Yulin 1941, sai Amurka ta riƙe mata dukiya ta kuma toshe mata mai. Zaɓi biyu ya rage wa hafsoshinta: ko su janye daga Sin su sha kunya, ko su je su ƙwace rijiyoyin man Sumatra da Borneo daga Turawan Holan, su haɗa da robar Malaya da kuzarta. Suka ɗauki na biyu. Abin da zai tare musu hanya shi ne rundunar ruwan Amurka da ke Hawayi, shi ya sa Yamamoto, babban kwamandan jiragen ruwan yaƙin Japan, ya dage a fara karya ta tukuna.

Kashin Pearl Harbor, tashar rundunar nan ta Hawayi, ma ba laifi. Safiyar Lahadi, 7 ga Disamban 1941, manyan jiragen ruwa shida masu dakon jiragen sama suka saki jirage 353 a zubi biyu, aka kashe Amurkawa 2,403, cikinsu 1,177 a jirgin Arizona kaɗai. Har an nuna yadda suka liƙa wa bama-bamansu na cikin ruwa fikafikan katako don kada su nutse su kafe a laka, saboda tashar ba ta da zurfi. Abin da na fi yabawa shi ne ba a tsaya ga kirarin nasara ba. An faɗa ƙarara cewa jiragen dakon Amurka ba sa tashar a ranar, kuma ba a taɓa tankunan mai da wuraren gyaran jirage ba, wato an ji wa abokin gaba ciwo an bar masa abin jinya. Daga nan sai Malaya: sojan Janar Yamashita na Japan a kan kekuna, jiragen sama sun nutsar da jiragen ruwan yaƙin Ingila Prince of Wales da Repulse ranar 10 ga Disamba, Singafo, wadda ke hannun Ingila, ta miƙa wuya ranar 15 ga Fabrairun 1942 da soja wajen 80,000. A nan ne na fara tura wa abokai saƙo ina cewa su je su karɓa. Wasu sun karɓa a kan maganata, kuma su nake ji yanzu.

Matsala ta fara ne daga kashin Midway, wani ɗan tsibiri da ke hannun Amurka. An shimfiɗa labarin yadda ya kamata: Amurkawa sun soma karanta saƙonnin sirrin Japan, suna ganin ana ambaton wani wuri da haruffa biyu, sai suka sa mutanen Midway su aika saƙo a fili cewa injin tace ruwansu ya lalace, ba a jima ba Japan ta sanar da nata cewa wurin nan yana fama da ƙarancin ruwa. Shi ke nan asiri ya tonu, Midway za su kai wa hari. Ana zuwa daidai inda Nagumo, kwamandan jiragen dakon Japan, ya ba da umarnin a sauya wa jirage makamai, sai hoto ya tsaya cak, murya ta ɗauke, kamar a ɗauke wuta ana shirin buga fenariti. Wanda bai san labarin ba, ba zai taɓa sanin cewa a wannan yinin na 4 ga Yunin 1942 aka ƙone wa Japan jiragen dako huɗu ba, Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu, dukansu cikin shidan da suka je Hawayi. Kashi na gaba kawai ya buɗe Japan tana ja da baya, ba bayani.

Wannan duk da na haƙura da shi. Abin da ya tsaya min a rai daban ne.

Kakana sojan Bama ne, cikin mazan jiyan da Ingila ta kwasa daga nan. Ban riske shi ba, amma Baffana, yayan mahaifina, ya haddace labaransa kaf: kogin Kaladan, ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku a cikin takalmi, abinci da ake jefowa daga jirgin sama da lema. Da na ga a jeri akwai kashin Bama, sai na ce masa, Baffa, yau za ka ga inda Tsoho ya yi yaƙi. Dattijon da ba ya kallon komai sai labarai, ranar ya yi sallar isha'i ya shigo ɗakina ya zauna a tabarma, har da sa tabarau.

Aka fara da Imphal da Kohima, daga Maris zuwa Yulin 1944. Yadda Janar Mutaguchi ya tura runduna ta haye duwatsu zuwa Indiya da guzurin 'yan makonni da garken shanu, da lissafin cewa za su ci daga rumbunan Ingila in sun kama su. Ba su kama ba, damina ta sauka, yunwa da cuta suka fi harsashi ɓarna. Baffa yana ta gyaɗa kai. Can sai ga hoton da muke jira: baƙaƙen sojoji a jere suna ƙetare wani kogi, ruwa iya ƙirji, kaya a ka. Baffa ya matso har yana dafa gwiwata. Mai fassara kuwa sai ya sauya murya irin wadda yake yi a finafinan Indiya, ya ce wai ga 'yan dakon kasuwa nan an zo da su, ya ƙara da wata barkwanci a kan kuɗin dako, ya yi 'yar dariyarsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka wuce. Bai ce daga ina suke ba, bai ce me ya kai su ba.

Baffa ya cire tabarau ya ce, "Kashe abin nan, ɗana. Uban wani ake wa dariya." Ya ɗauki takalminsa ya fita. Na bi shi har zaure ina ba shi haƙuri, ya ce ba ni na yi ba, amma har yau bai sake ta da maganar ba, ni ma ban iya ba.

Wallahi abin ya ƙona min rai, don ba a rasa abin faɗa ba. Runduna biyu aka kai Bama daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Ta 81 ce ta shiga kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, kuma dakon nan da ake wa dariya shi ne dabarar da ta sa suka iya bin daji suna ɓullo wa Japan ta gefe. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung. Wasu bataliyoyin Nijeriya kuma da Chindit, rundunar Ingila ta musamman mai kutsawa daji, suka yi yaƙi a bayan layin abokan gaba. Mai fassarar nan in a Kaduna yake, yana wuce barikin Dalet da na Kalapanzin. In Zariya ce akwai barikin Chindit. A Legas ga Dodan da Arakan da Myohaung. A Ankara ta Gana ga Burma Camp. Duk daga can sunayen suka zo. Ko kuzar Malaya da ya yi ta ambata a farko, faɗuwarta hannun Japan ce ta sa Turawa suka tsananta ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942. Na yarda masu shirin na asali ba don mu suka yi ba. To amma wanda ya ɗauko abu ya juya shi da Hausa don Hausawa, har yana da lokacin saka tallar maganin basir a tsakiyar harin Singafo, ya rasa jimla biyu da zai ce waɗannan iyayenku ne?

Da na koma na sake kallon kashin mamaya da wannan idon, sai na ga ashe halin nasa ne. Ana nuna layin dogon da Japan ta sa aka shimfiɗa tsakanin Tailan da Bama, kilomita 415 a cikin daji, inda fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka mutu, leburorin tilas na Asiya kuwa suka ninka haka sau da yawa, shi kuma yana ta wasa da ramar mutane. Kisan kiyashin da sojan Japan suka yi a birnin Nanjing na Sin ma a gurguje ya wuce shi. Sannan lambar wayarsa tana zaune daram a kan taswira, daidai inda kibiyoyin ke nuna hanyar da jirage suka bi.

Na koma wajen yaron da ya tura min. Ya ce, "Yallaɓai, wallahi haka muka samo shi, kowa irinsa ne a hannunsa." Ya sake tura min kyauta, ban ga laifinsa ba, yaro ne mai ladabi. Amma sabon ma a Midway ɗin ya tsaya.

In don sanin dalilin yaƙin ne da yadda Japan ta mamaye rabin Asiya cikin 'yan watanni, kashin farko-farko sun ci kuɗinsu, har da na kusa da ƙarshe inda aka nuna yadda jiragen ƙarƙashin ruwan Amurka suka riƙa nutsar da tankokin man da aka yi yaƙin dominsu. Amma ni ba zan sake ce wa kowa ya karɓa ba, kuma duk mai dattijo a gida da ya haɗa jini da sojan Bama, kada ya kunna masa kashin nan. Wanda ya nace sai ya saya, ya sa a buɗe masa na Midway a shagon, ya ja shi har ƙarshe kafin ya miƙa kuɗi.