Furannin da na saya a bakin titin Ejisu, bayan shekara guda

A watan Afrilun bara, da damina ta kankama, na ƙudura gyara ɗan filin da ke ƙofar gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, domin na gaji da kallon jar ƙasa a garin da ake yi wa kirari da birnin lambuna. Wurin wani mai rainon furanni na je, a bakin titin da ya nufi Ejisu, na zaɓi buganbiliya biyu, da hibiskus uku, da kariya ɗaya. Ya ɗora su a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, tare da buhu biyu na baƙar ƙasa da takin kaji, yaronsa ya zo ya dasa su kafin la'asar. Ta fuskar cika alkawari ban ga aibinsa ba.

Buganbiliya ce ta biya kuɗinta. Duk tsawon damina ganye kawai take yi, har na fara zargin an sayar mini da juya, amma da hunturu ya shigo a Disamba, ruwa ya ɗauke, sai katangar ta rufe da ja da shunayya. Ashe ƙishirwa ce ke sa ta fure, kuma abin da muke gani mai launi ganye ne da ya rikiɗe, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Sai dai ƙayarta ba ta da mutunci, don haka kada a dasa ta inda yara ke wucewa.

Kariya ce ta ba ni takaici, kuma a nan ne nake ganin mai lambun ya gaza. Itaciya ce ta busasshiyar ƙasa, wadda take ajiye ruwa a kumburarren gindinta, amma aka dasa mini ita a baƙar ƙasa mai riƙe danshi, a Kumasi da ke samun damina biyu a shekara. Zuwa ƙarshen Yuni na danna gindin da yatsa, sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar doya. Da na koma na faɗa masa, cewa ya yi, "Ai Alhaji, wannan a tukunya ake sa ta, da yashi da gawayi, a huda ƙasan tukunyar." Na ce, "Malam, da ka faɗa mini haka tun ranar ciniki." Bai kuma gargaɗe ni cewa ƙaronta guba ne ba, alhali ya ga jikokina a tsakar gida.

Hibiskus kuwa, ɗan uwan yakuwar da ake yin sobolo da ita, fararen ƙwari masu kama da auduga sun addabe shi, sai da uwargida ta riƙa fesa masa ruwan ganyen darbejiya da sabulun salo kowane mako kafin biyu suka farfaɗo.

Mai lambun ya ba ni wata kariyar a rabin kuɗi. Tana cikin tukunyar siminti a ƙarƙashin rumfa, kuma sau ɗaya a mako nake ba ta ruwa.