Na kai waƙar Kaka situdiyo a Ƙofar Ƙaura

Shekara takwas ina rubuta waƙa a littafin makaranta mai layi, tun ina ɗalibar Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, amma ban taɓa tsayawa gaban makirfo ba sai kwanan nan. Autanmu ne ya matsa mini. Ya ce, "Yaya, waƙar Kakan nan in kika bar ta a takarda, gara ce za ta karanta ta." Shi ya san situdiyon, shi ya yi mana magana da mai wurin, shi kuma ya raka ni, don Mama ta ce ba na zuwa ni kaɗai. Wurin yana Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, a saman bene, ƙasansa shagon tela ne da mai injin markaɗe. Ba zan kama suna ba. Akwai yabo a abin da zan faɗa, akwai ƙorafi, mai wurin kuwa yaro ne mai neman na kansa.

Naira dubu 30 muka yi da shi a kan waƙa ɗaya: kiɗa, ɗaukar murya, da tacewa. Rabi kafin alƙalami, rabi ranar karɓa. 'Yan amshi kuɗinsu daban. In aka ɗauke wuta sai ka ƙara na mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba wanda ke jin kunyar faɗin haka. Yana da sola, sai dai batirin kwamfuta da lasifika kawai yake ɗauka, ban da fanka.

Ƙarfe 10 na safe aka ce mu zo. Sai da aka kira La'asar na shiga. Laifin har da namu, domin mun je ana saura kwana kaɗan watan Maulidi ya kama, lokacin da masu bege ke cika kowane situdiyo da mandirinsu. Duk da haka, wanda ya san layinsa ya kai haka bai kamata ya ce wa mutum ƙarfe 10 ba.

Da farko na cika fam, har na ce wa Auta mu tafi. Abin da ya zaunar da ni hirar da ake yi a kan bencin jira ce.

Akwai wani yaro ɗan Batsari, bai fi shekara 20 ba, mai shagon cajin waya. Iyayensa na cikin waɗanda rashin tsaro ya koro zuwa cikin birni. Shi ba ya rubutu sam. Ya nuna mini wayarsa cike da muryoyin da ya naɗa, wasu na daƙiƙa goma, wasu na minti ɗaya, yawanci da tsakar dare. Ya ce karin ne ke fara zuwa masa ba kalma ko ɗaya, sai ya yi ta "na-na-na" cikin wayar a hankali kada ya ta da ƙannensa. Kalmomin sai daga baya, wani lokaci bayan mako biyu, yana cikin jona wa mutane caja. Waƙar da ya kawo a kan ƙauyensu ce. Na saurara har ƙarshe ban ji an ambaci ɗan bindiga ba: gonar dawa ce, da kukar bakin gari, da rumbun da aka bari a buɗe, da karen gidansu da ya ƙi biyo mota. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malama, na gwada. Duk sanda na sa bindiga a ciki sai waƙar ta zama labaran rediyo." Ni da nake koyar da jigo da salo a aji, ban taɓa iya yi wa ɗalibaina bayanin abin nan a taƙaice haka ba.

A bangon da ke bayansa an manna hoton Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura, garin kakata. Shi ma ba da takarda aka san shi ba, kalangu na tashi waƙa na zuwa. Yaron nan ba a haife shi ba lokacin da Shata ya bar duniya, amma hanyar da yake bi ta fi kusa da ta Shatan a kan tawa.

Gefe kuma wasu 'yan mata biyu ne daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, masu irin waƙar zamanin nan da ake karantawa da murya ba rerawa, a sa ɗan kiɗa mai sanyi a ƙasa. Musu suke yi a kan kafiya, wato amsa-amon ƙarshen layukan waƙa: ɗaya ta ce takura ce, ɗaya ta ce in babu ita ai wasiƙa ka rubuta. Suka ce in raba gardama. Na goyi bayan ta biyun, amma da ta farkon ta karanta tata, a kan mahaifiyarta mai sayar da awara a ƙofar makarantar firamare, sai na ja bakina na yi shiru. Sannan ga mawaƙin biki, wanda aka turo wa sunayen ango da amarya da uwar amarya da ƙawaye ta WhatsApp, ya zauna nan gabanmu ya zuba su cikin tsohon kari a minti 20. Ba na raina shi. Irinsa ne ke biyan kuɗin hayar benen.

Ɗakin ɗaukar muryar ɗan akurki ne da aka lulluɓe da soso da kwalin ƙwai. Ƙofarsa tana da gilashi, kuma makaɗin, wato mai wurin, da kansa ya ce Auta ya zauna inda zan riƙa ganinsa. Na faɗi wannan don 'yan'uwana mata da ke tambaya. Ba a shan sigari a wurin, akwai buta da darduma, ba kuma wanda ya yi mini maganar banza. Zafi ne dai ba a magana. In an fara ɗauka dole a kashe komai mai ƙara, cikin minti goma hijabina ya jiƙe sharkaf.

Waƙata ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyu, baiti 34, ba amshi. Na rubuta ta bayan rasuwar Kaka, mahaifiyar Mama, wadda muke zuwa wa hutu a gidanta da ke can cikin gari ba nisa da rijiyar Kusugu. Makaɗin ya karɓi littafin ya duba, ya ce, "Malama, wagga ai ta yi minti sha biyar. Wa za ya tsaya?" Ya nemi in rage zuwa 12. Muka yi ta ja-in-ja muka tsaya a 16. Raina ya sosu, amma da na koma gida na duba baitocin da aka zubar, rabinsu maimaici ne. Ya kuma ɗauko ɗango ɗaya daga tsakiya ya ce a mai da shi amshi. Nan ma ya yi daidai.

Daga nan ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya sako mini kiɗan da ya riga ya haɗa, irin na nanaye mai fiyano da sarewa da ake ji a kowace Napep. Na gwada hawa na kasa. Ya canza wani, na sake kasawa. A na uku na daure na rera, sai Auta ya fashe da dariya ta bayan gilashi. Akwai ɗangon da na ce, "Ke kika daka, ke kika tankaɗe gari." Garin tuwo nake nufi, mai dogon wasali a gaɓar farko. Saurin kiɗan ya sa na gajarce shi, sai ya fito kamar Kaka ta tankaɗe garin Daura ne da rariya. A rubutun boko kalmomin biyu iri ɗaya ne, a baki kuwa tsawon wasalin nan shi ke raba su. Kiɗan da aka ɗinka tun kafin a ga waƙa bai san da wannan ba, kuma na sha jin waƙoƙin yaranmu da aka karya wa Hausa wuya ta haka, mawaƙin bai ma lura ba.

Abin da makaɗin ya yi bayan nan shi ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Ya kashe kiɗan gaba ɗaya. Ya ce in rera yadda nake rerawa in ina ni kaɗai a ɗaki, in riƙa buga hannu a cinya. Na yi baiti biyu, ya ce in sake. A karo na uku ya ɗago kai ya ce, "Ai lugude ne wannan." Jikina ya yi sanyi. Shekara biyu ina tare da waƙar nan, na ƙirga gaɓoɓinta masu nauyi da marasa nauyi a takarda kamar yadda aka koya mana a darasin aruli, ilimin ma'aunin waƙa, ban taɓa gane cewa karinta na taɓarya biyu ne a turmi ɗaya ba, yadda Kaka da kishiyarta ke yi da hantsi. Shi bai san sunan ma'auni ko ɗaya ba, na tambaye shi. Kunne gare shi. Har ya kama mini wani ɗango a baiti na tara da ke da gaɓa ɗaya fiye da 'yan'uwansa, wanda na karanta sau ɗari ban gani ba.

Ya aiki yaronsa ƙasa ya aro ƙwarya da ludayi wurin matar mai markaɗe. Ya kife ƙwaryar, ya naɗi bugunta kashi biyu, mai kauri da mai kaifi, ya jera su suna amsa wa juna. A kan wannan ya ɗora kalangun kwamfuta kaɗan, ya bar fiyano can ƙasa-ƙasa. Ya ce da da hali da makaɗin kalangu na gaske za a kira, don na kwamfuta ba ya matsuwa a hammata balle ya yi magana, amma wannan wani kuɗin ne. Ya rage saurin har sai da "gari" ya koma na tuwo. Aikin ya ci mana fiye da awa biyu, bai ƙara mini ko kwabo ba, alhali mutane na jira a waje suna tsaki kamar yadda na yi ɗazu. A nan na gane inda ƙarfe 10 ɗina ya tafi.

Ƙorafin bai ƙare a jira ba. Sau huɗu muna tsayawa saboda injin markaɗen ƙasa, soso da kwalin ƙwai ba sa tare wannan ƙarar. Ya ce in dawo bayan kwana uku, sai da aka yi 11, kullum "gobe in sha Allahu". Da waƙar ta zo kuma na tarar ya zuba wa muryata Auto-Tune, manhajar daidaita murya, har ta koma kamar ta aljanar ƙarfe, duk rawar muryar da ta zo mini a baitin likkafani ya goge ta tas, wai gyara ne. Abin da ya fi ɓata mini rai, ya sa tambarin sunansa da ƙarfi a farkon waƙar, irin wanda ake ihu da shi a waƙoƙin gala. A waƙar ta'aziyya! Na kira shi na ce, "Malam, kakata ce fa ta rasu." Ya ba da haƙuri, ya ce sabo ne, hannu ne ya saba. Ya cire tambarin, ya rage injin muryar zuwa yadda zan iya gane kaina, amma sai da na sake hawa benen nan sau biyu.

Ba a rubuta komai tsakaninmu ba, ko rasit. Wa ke da kiɗan ƙwaryar nan yanzu, ni da na biya ko shi da ya haɗa? Ya yi mini alkawari da baki ba zai ɗora wa wani ba. Wanda zai sa waƙarsa a Audiomack ko YouTube da niyyar neman kuɗi, ya zauna su rubuta tun kafin a kunna kwamfuta. A kuma tafi da filashi a karɓi babban fayil ɗin, kada a tsaya ga ɗan ƙaramin da ake turowa ta waya.

Wanda waƙarsa ta riga ta nuna a bakinsa, yana iya rera ta ba kiɗa daga farko har ƙarshe, wurin nan ya dace da shi, kuma dubu 30 ba ta yi yawa ba a kan kunnen yaron nan. Sai dai fa ya buɗe baki ya ce a kashe shiryayyen kiɗa, don in ka yi shiru shi za a ba ka, kuma taka za ta fito kamar ta wanda ya riga ka shiga. Mai gaggawa, ko mai biki jibi, ya nemi wani wuri. A guji gab da Maulidi, da watan Sha'aban da ake rububin ɗaurin aure kafin azumi, da lokacin kamfe.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka je Daura ni da Mama, na kunna wa Inna, kishiyar Kaka, a tsakar gidan. Turmin na nan a kife gindin bedi. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, ta sa aka sake kunnawa. Sannan ta ce muryar tawa ce, ta gane, amma luguden ya yi sauri, ita da marigayiya ba su taɓa daka da gaggawa haka ba sai ranar da za a yi baƙi. Na gaya wa makaɗin a waya. Ya yi dariya ya ce in kawo Inna ta buga masa da kanta. Na ce Inna ba ta hawa bene, sai dai shi ya ɗauko makirfonsa mu je Daura, kuma kuɗin mota nasa ne, a bakin kwana 11 ɗin nan.